BABI NA UKU: KWATANCIN SHARI'AR KISAN KAI A TSARIN MALIKIYYA DA NA INGILA DA NA FARANSA A ƘASAR HAUSA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar laifi da hukunci da kuma matsayin alƙali a al'ummar Hausawa. A wannan babi kuwa za a kwatanta tsare-tsaren shari'a guda uku waɗanda suka yi aiki a ƙasar Hausa tun daga farkon ƙarni na 20, wato tsarin Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da tsarin Ingila wanda ya shigo Nijeriya ta Arewa, da kuma tsarin Faransa wanda ya shigo ƙasar Nijar. Ƙasar Hausa wuri ne da ya dace da irin wannan kwatance, domin kuwa iyakar da Ingila da Faransa suka shata, wadda aka kammala kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, ta raba jama'a masu harshe ɗaya da addini ɗaya. Bakatsine da Bamaraɗe na iya zama 'yan gida ɗaya, amma idan jini ya zuba, hanyar da maganar kowannensu za ta bi daban take.

An taƙaita kwatancen a kan laifin kisan kai, saboda a nan ne bambancin tsare-tsaren uku ya fi fitowa fili. Sau da yawa idan ana wannan magana akan tsaya ne a kan wane tsari ya fi tsananin horo. Wannan nazari yana ganin ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta raba tsare-tsaren ita ce, wane ne mai haƙƙin jinin wanda aka kashe? Danginsa ne ko hukuma? Daga amsar wannan tambaya ne sauran bambance-bambancen suka tsiro.

3.1 Tsarin Malikiyya

Fiƙihun Malikiyya ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shehu Maghili ya rubuta wa sarki nasihohi a kan mulki da shari'a. Sai dai kuma yin aiki da hukunce-hukuncen laifi bai daidaita ba, domin a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan Haɓe da karɓar dukiya daga hannun masu laifi a maimakon zartar da hukuncin da shari'a ta tanada. Bayan jihadin 1804 ne aka tsayar da kotunan alƙalai a masarautu, inda ake hukunci da littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Shehu Halilu, da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim. Maganar jini kuwa yawanci a majalisar sarki take ƙarewa.

A wannan tsari, kisan kai haƙƙin mutane ne kafin ya zama haƙƙin hukuma. Waliyyan jini, wato dangin mamaci maza na wajen uba, su ne masu ƙara. Idan kisan ganganci ya tabbata, suna da damar su nemi ƙisasi, ko su yafe, ko kuma su yi sulhu da wanda ya yi kisan a kan diyya. Idan waliyyai suna daraja ɗaya, kamar 'ya'ya ko 'yan'uwa, ɗaya daga cikinsu ya yafe, to ƙisasi ya faɗi, sauran sai su karɓi rabonsu na diyya. Cikakkiyar diyya ita ce raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. A kisan kuskure babu ƙisasi, kuma dangin wanda ya yi kisan ne suke haɗuwa su biya diyya a cikin shekara uku, shi kuma ya yi kaffara.

Wannan ba ya nufin hukuma ba ta da ta cewa. Idan an yafe wa mai kisan ganganci, Malikiyya ta tanadi a yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Haka kuma akwai kisan da yafewar dangi ba ta da tasiri a kansa, wato wanda aka yaudari mutum zuwa wani wuri aka kashe shi domin a ƙwace dukiyarsa. Sunan wannan kisa da Larabci shi ne ya shigo Hausa ya zama kisan gilla, ko da yake a yau Bahaushe yana amfani da kalmar ga duk wani kisa na rashin imani.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan babi shi ne yadda Malikiyya take fassara ganganci. Sauran mazhabobi sun kasa kisa aƙalla gida uku, suna da wani matsayi tsakanin ganganci da kuskure. Fitaccen ra'ayin Malikiyya kuwa gida biyu ne kawai. Duk wanda ya bugi wani bisa gaba da niyyar cutarwa, ko da sanda ce ko dutse, har ya mutu, to ganganci ne, ko da bai yi nufin ɗaukar rai ba. Fushi ba uzuri ba ne, tsokana ma haka. Hatta mutumin da ya ce ya tarar da wani tare da matarsa ya kashe shi, ba a karɓar maganarsa sai ya kawo shaidu huɗu, in kuwa ya kasa, waliyyai na da ikon neman ransa. Dalilin malamai a bayyane yake: da za a buɗe wannan ƙofa, da duk mai son kashe abokin gabarsa sai ya kira shi gida ya kashe, sannan ya yi masa ƙage.

Ta fuskar hujja, kisa yana tabbata da iƙirari, ko da shaidar maza biyu adilai, ko kuma da ƙasama. Ƙasama ita ce rantsuwa 50 da dangin mamaci maza, aƙalla biyu, za su yi idan akwai alama mai ƙarfi wadda ba ta kai cikakkiyar shaida ba, alal misali shaidar mutum ɗaya adili, ko furucin wanda aka raunata kafin ya cika cewa wane ne ya kashe shi. Kafin yanke hukunci kuma alƙali zai yi i'izari, wato ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Babu lauya, babu mai gabatar da ƙara na gwamnati.

3.2 Tsarin Ingila da Shigowarsa Arewa

Ingilishi ma sun taɓa sanin kuɗin jini. Kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, wanda ya yi kisa yakan biya dangin mamaci gwargwadon darajarsa. Sannu a hankali sarauta ta janye wannan haƙƙi, kisa ya zama keta zaman lafiyar sarki, kuma a 1819 aka soke ragowar damar da dangi suke da ita ta kai ƙarar kisa da kansu a tsohuwar hanya. Saboda haka ne ake rubuta ƙarar laifi da sunan sarki ko sarauniya. Dangin mamaci ba masu ƙara ba ne, iyakarsu su ba da shaida idan an kira su. Ba su da ikon yafewa, kai karɓar kuɗi domin a rufe babban laifi ma laifi ne mai zaman kansa.

A zauren kotu tsarin na fafatawa ne. Lauyan gwamnati yana gefe, lauyan wanda ake tuhuma yana gefe, kowa yana yi wa shaidun ɗan'uwansa tambayoyin ƙure, joji kuwa yana tsakiya kamar alƙalin wasa. A Ingila masu taimaka wa joji su 12 daga cikin jama'a su ne ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba, kuma nauyin tabbatar da laifi yana kan gwamnati, kamar yadda shari'ar Woolmington ta 1935 ta jaddada. Hukuncin kisan ganganci ya daɗe yana zama rataya tilas, kafin a dakatar da rataya a 1965. To amma tun a ƙarni na 17 kotunan Ingila suka amince cewa wanda aka tsokana har hankalinsa ya gushe ya yi kisa nan take, laifinsa bai kai na rataya ba. Babban misalin da suke bayarwa kuwa shi ne mijin da ya tarar da kwarto.

Lokacin da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa daga 1900, bai rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar su da aikinsu, sai dai an hana yanke hannu da jifa da azabtarwa, kuma duk hukuncin kisa sai Gwamna ya sa hannu. A gefe guda kuma, a 1904 aka kafa kundin laifuffuka na Turawa, wato Kiriminal Kod, wanda aka kwaikwayo daga kundin jihar Kwinsland ta Ostireliya na 1899, aka kuma shimfiɗa shi a duk Nijeriya a 1916. Ke nan dokoki biyu suka zauna a ƙasa ɗaya. Kotunan sarakuna masu daraja ta ɗaya suna yanke hukuncin kisa da Malikiyya, kotunan Turawa suna yankewa da kundinsu. Masanin nan J.N.D. Anderson, a littafin da ya wallafa a 1954 a kan shari'ar Musulunci a Afirka, ya nuna cewa in aka cire yankin Larabawa, da wuya a sami inda ake aiki da ita sosai kamar Nijeriya ta Arewa.

3.3 Shari'ar Tsoho Gubba, 1947

Zaman dokokin biyu ya tafi ba tare da babbar hayaniya ba na kusan shekara 40. Sashe na 4 na Kiriminal Kod da farko ya keɓe kotunan gargajiya daga bin kundin, amma a 1933 aka yi masa gyara aka cire kalmomin da suka keɓe su. Da yawa daga cikin ma'aikatan mulki ba su ɗauki gyaran a matsayin wani sauyi ba, sai da maganar Tsoho Gubba ta taso.

Wannan mutum, wanda takardun kotu suka rubuta sunansa Tsofo Gubba, ya yi kisa a ƙasar Gwandu a cikin yanayin da dokar Turawa take ɗauka tsokana ce. Kotun Sarkin Gwandu ta duba maganar da idon Malikiyya, ta ga ganganci ne, ta yanke masa hukuncin kisa. Da aka kai maganar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma a 1947, sai ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa tun daga gyaran 1933, duk laifin da yake cikin kundin Turawa to da kundin za a yi hukunci, ko da a kotun sarki ne. Sarakuna da alƙalai suka ga an ƙwace musu shari'a ta bayan gida. Aka yi ta yi wa dokar gyare-gyare a 1948 da 1951 da 1956 ba tare da an warware matsalar ba. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tsaya a kan cewa kotun gargajiya na iya bin dokarta, amma ba za ta yi horon da ya wuce wanda kundin ya tanada ba. Ma'anar wannan ita ce sai alƙali ya san dokoki biyu, ya yi shari'a da ɗaya, ya auna horo da ɗayar.

Akwai kuskuren da ake yawan yi wajen karanta wannan tarihi, wato a ɗauka cewa kullum Malikiyya ce mai tsanani, dokar Turawa kuma mai sassauci. A maganar Tsoho Gubba haka ne. To amma a juya misalin. Mutum ya shirya ya kashe abokin gabarsa da gangan, babu wata tsokana. A kotun joji rataya ce, ko da uwar mamacin da 'ya'yansa sun durƙusa suna roƙo. A kotun sarki kuwa, idan ɗa ɗaya ya ce ya yafe, mutumin zai sha bulala 100, ya yi shekara a gidan yari, ya koma gida. Saboda haka mutum biyu a gari ɗaya, da laifi iri ɗaya, rayuwar ɗaya da mutuwar ɗaya na iya rataya a kan kotun da aka tura su. Wannan shi ne ainihin aibin zamanin, kuma bai fito daga ɗayan tsarin shi kaɗai ba, daga haɗa su ya fito.

Akwai kuma maganar waɗanda ba Musulmi ba. A Malikiyya ba a kashe Musulmi saboda wanda ba Musulmi ba sai a kisan gilla, diyyar Kirista rabin ta Musulmi ce, ta mai addinin gargajiya kuwa ta yi ƙasa da haka nesa. A lardunan da jama'a suke cakuɗe, kamar Zariya da Bauchi da Adamawa, wannan ya zama abin kuka, kuma yana daga cikin koke-koken da aka gabatar wa hukumar Willink mai binciken tsoron ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958.

3.4 Tsarin Faransa a Ƙasar Nijar

A tsallaken iyaka labarin ya sha bamban tun daga tushe. Ya kamata a tuna cewa Maraɗi da Damagaram ba su kasance ƙarƙashin Sakkwato ba, amma suna da sarakunansu da malamansu masu shari'a. Faransawa sun ci Zinder a 1899, kuma a 1906 suka tuɓe Sarkin Damagaram bisa zargin shirya tawaye. Ba su ga dalilin barin hukuncin jini a hannun sarakuna ba. Dokar 1903 da ta tsara shari'a a Afirka ta Yamma ta Faransa ta ɗora manyan laifuffuka a kan kotun da kumandan Bafaranshe yake shugabanta, sarakuna da malamai kuwa masu ba da shawara ne a kan al'ada. Ban da wannan akwai dokar talakawan mulkin mallaka, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 da cin sa tara ba tare da shari'a ba. Ba abin mamaki ba ne da Hausar Nijar ta ari kalmar kaso daga Faransanci, alhali a Nijeriya gidan yari ya ci gaba da amsa sunan basaraken da ke kula da shi tun kafin Turawa.

A 1946 aka soke dokar talakawan, kuma wata doka ta 30 ga Afrilu na shekarar ta ƙwace duk shari'ar laifi daga kotunan 'yan ƙasa ta mayar da ita ƙarƙashin dokar Faransa. Wato shekara ɗaya kafin maganar Tsoho Gubba ta girgiza Arewa, an riga an rufe irin wannan muhawara a Nijar, ba tare da an nemi ra'ayin kowa ba. Bayan samun mulkin kai, ƙasar ta kafa kundin laifuffukanta da na hanyoyin shari'a a 1961, dukkansu bisa ƙirar Faransa. Al'ada da fiƙihu suka tsaya a aure da saki da gado da rikicin gona.

Tsarin Faransa ya samo asali ne daga kundayen Napoliyon, na hanyoyin bincike a 1808 da na laifuffuka a 1810. Tsarin bincike ne, ba na fafatawa ba. Idan aka yi kisa, jandarmomi ko 'yan sanda za su sanar da mai shigar da ƙara na gwamnati, shi kuma ya miƙa maganar ga alƙali mai bincike. Aikin wannan alƙali shi ne ya tono gaskiya da kansa, ya nemi abin da zai kama wanda ake zargi da kuma abin da zai wanke shi, ya tara komai a rubuce. A ranar shari'a shugaban kotu ne yake yin yawancin tambayoyi, kuma hukunci yana dogara ga gamsuwar zuciyar masu shari'a, ba ga adadin shaidu ba. A nan ya yi hannun riga da Malikiyya mai ƙidaya shaidu da rantsuwa, amma ta wajen alƙalin da ke tambaya da kansa, ya fi kusa da zauren alƙali a kan kotun joji.

Game da haƙƙin jini, Faransa ta tsaya a tsakiya. Ƙarar ta al'umma ce, yafewar dangi ba ta tsayar da ita. Amma dangin mamaci suna da ikon shiga cikin shari'ar a matsayin masu neman haƙƙi, da lauyansu, su ga takardun bincike, kuma kotun da ta yanke hukuncin laifi ita ce za ta yanke musu kuɗin fansar asarar da suka yi. Wannan ba diyya ba ce, tun da ba ta sauke horo, amma ta hana a mayar da dangi 'yan kallo. A maganar tsokana kuwa kundin 1810 ya zarce Ingila, domin sashe na 324 ya ce mijin da ya kashe matarsa da kwartonta a lokacin da ya kama su a gidan aure yana da uzuri, horonsa ya sauko zuwa ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Matar da ta kama mijinta ba a ba ta wannan uzuri ba. Sai a 1975 aka soke shi. Ingila ma ta soke kariyar tsokana da dokar 2009, ta kuma ce cin amanar aure kaɗai ba ya zama hujja. Abin lura ne cewa ƙasashen biyu sun dawo kusa da inda malaman Malikiyya suka tsaya tun farko a wannan mas'ala.

3.5 Final Kod na 1960

Da mulkin kai ya ƙarato, gwamnatin Sardaunan Sakkwato ta fahimci cewa ba za a shiga sabon zamani da wannan ruɗani ba. A 1958 ta kafa kwamitin masana shari'a mai mutum shida, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Sauran su ne Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson, da Wazirin Barno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Bida Malam Musa. Zaɓen Sudan da Pakistan ba a banza aka yi shi ba, domin ƙasashen Musulmi ne da ke aiki da rubutaccen kundi, kuma ganin manyan alƙalansu zai kwantar wa sarakuna da malamai hankali.

Kundin da kwamitin ya ba da shawara a ɗauka yana da doguwar salsala. Lord Macaulay ne ya tsara shi domin Indiya a 1837, aka kafa shi a 1860, daga can aka kai shi Sudan a 1899. A Indiyar ma Turawa sun tarar da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Hanafiyya, kuma tun a 1790 Gwamna Cornwallis ya janye ikon yafewa daga hannun dangi a yankin Bangal. Ke nan kundin da ya iso Kaduna an riga an gina shi a kan cewa jini na hukuma ne. Ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun mulkin kai.

An yi ƙoƙarin sanya masa ɗanɗanon gida. An bar shan giya a matsayin laifi ga Musulmi a sashe na 403, an bar zina a sashe na 387 da 388 ga waɗanda al'adarsu ta ɗauke ta laifi, an kuma bar bulalar haddi. Amma a maganar kisa ra'ayin Ingila ne ya yi rinjaye. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa, sashe na 222 ya karɓi tsokana mai tsanani ta farat ɗaya a matsayin sassauci, ƙasama ta tafi, diyya ta tafi. Abin da ya rage wa waliyyan jini shi ne wani sashe a dokar hanyoyin shari'a da ya ce kotun gargajiya ta tambaye su ko suna son a zartar da kisa, ta rubuta amsarsu, domin masu duba afuwa su gani. Daga masu hukunci sun koma masu ba da shawara. Bayan dokokin kotunan yanki na 1967 da 1968 kuma kotunan sarakuna suka rushe baki ɗaya.

Ba za a musa cewa Final Kod ya yi maganin babbar cuta ba. Ya daidaita jinin Musulmi da na wanda ba Musulmi ba, ya kuma sa mutum ya san dokar da za a yi masa hukunci da ita kafin a kama shi. Inda ya gaza, a ganin wannan nazari, shi ne ya karɓe wa dangi haƙƙin da suka sani na ɗaruruwan shekaru ba tare da ya ba su ko da kujerar da tsarin Faransa ya ba su ba. Matar da aka kashe wa miji, ko an rataye wanda ya yi kisan ko an ɗaure shi, galibi ita da marayunta hannu rabbana za su koma gida. Sai a dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 aka faɗaɗa ikon kotunan tarayya na ba da umarnin biyan waɗanda aka cuta.

3.6 Komawa ga Ƙisasi da Diyya

Ƙasashen da aka yi koyi da su a 1958 su ne suka fara juyawa. Sudan ta dawo da haddi da ƙisasi a 1983 a zamanin Numairi, Pakistan kuma ta shigar da ƙisasi da diyya cikin kundinta a 1990. Abin da ya faru a Pakistan ya nuna raunin mayar da jini ga dangi ba tare da kariya ba, musamman idan mai kisan da mai yafewar 'yan gida ɗaya ne, kamar wan da ya kashe ƙanwarsa uba kuma ya yafe masa. Sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 2016 cewa a irin wannan kisa ɗaurin rai da rai yana nan ko an yafe.

A Nijeriya, jihar Zamfara ta kafa kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci a watan Janairu 2000, jihohi 11 suka bi sahunta. Waliyyan jini suka dawo da ikonsu a kotunan shari'a, kuma a watan Janairu 2002 aka rataye Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari'a a Katsina ta samu da laifin kisa. Sai dai dawowar ba ta zama komawa ga zamanin Sarkin Gwandu ba. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999, wanda ya gaji irinsa daga tsarin mulkin 1960, ya hana a hukunta mutum da laifin da ba a rubuta shi a doka ba. Saboda haka dole aka zuba hukunce-hukuncen Malikiyya cikin sassa masu lamba, aka kuma kwaso sassa da yawa daga Final Kod ɗin kansa. Kundayen sun shafi Musulmi ne, manyan kotunan jihohi sun ci gaba da shari'ar kisa da Final Kod, kuma ɗaukaka ƙara na iya kaiwa Kotun Ƙoli. Wato tsohuwar tambayar 1947, ta wace kotu za a tura mutum, ta sake dawowa.

Zartar da hukuncin kisa kansa ya yi ƙaranci a ɓangarorin iyakar biyu. A Nijar an tanadi hukuncin a kundin 1961, amma rabon da a zartar da shi tun 1976. A Nijeriya gwamnoni ba su cika sa hannu ba, har ya zama a 2023 fiye da mutum 3,000 ne suke zaman jiran kisa a gidajen yari. Halin da waɗannan mutane da kuma masu jiran shari'a suke ciki shi ne abin da babi na huɗu zai duba.